Jikokin 'yan kuza, me ya sa muke ɓoye kakanninmu?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da mu jikokin 'yan kuza shi ne yadda muke tsallake kakanninmu in ana zancen asali. Ka tambayi saurayi a Bukuru ko Barikin Ladi daga ina gidansu ya faro, sai ya ce maka kakansa almajiri ne daga Kano, ko bafatake daga Katsina. Da wuya ka ji wanda zai fito fili ya ce lebura ne, kwanon ƙasa ya ɗauka a ka. Alhali da yawanmu daga bakin ramin kuza muka fito.

Tun kafin Bature ya hau duwatsun Filato, mutanen Liruwen Kano da Liruwen Delma suna narka kuza suna sayar wa fatake. Kuzar nan da ke yawo a kasuwanni ita Kamfanin Neja na Turawan Ingila ya bi sawunta, har aka kafa sansanin haƙa a wajen Naraguta. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, jama'a kuma suka yi ta kwararowa: Hausawa, Barebari, Yarbawa, Ibo, Tibi. Wani kuɗin haraji ya fito nema, da niyyar komawa gida kafin damina, sai aure da 'ya'ya suka zaunar da shi.

Wani kuwa ba da son ransa ya zo ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza ana tsakiyar yaƙi, sai aka ɗora wa En'e tara maza ala tilas. Shi ne ɗiban gwamna. Aka kwaso talakawa daga ƙasar zafi aka zuba su cikin sanyin Filato, ba bargon kirki, ba wadataccen abinci, da yawa suka mutu can nesa da danginsu kafin a dakatar da abin a 1944. Wallahi duk wanda kakansa ya tsira daga wannan har ya kafa gida, bai kamata ya ji kunyar faɗa ba.

'Ya'yansu suka ɗan samu sauƙi. Wannan ya zama hedima, wato shugaban leburori, wancan direba ko makaniki a babban kamfanin kuza na ATMN, wani ya bar rami ya kama fawa ko ɗinki. Iyayenmu mata kuma, waɗanda ba a ko ambatonsu, da tuwon sayarwa da ƙosai suka riƙe gidaje a bariki ranar da kuɗin sati bai kai ba. Sai kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, dama kamfanonin sun riga sun fara ja da baya. Jikoki suka watsu: wasu boko, wasu mota, wasu lambu a bakin kududdufan da haƙa ta bari, wasu suka koma loto, suna shiga rami da igiya, ƙasa na rufta musu. Rikicin Jos na 2001 da na 2008 da na 2010 suka ƙarasa tarwatsa gidaje zuwa Bauchi da Kano da Abuja. Yanzu akwai yaran da ba su san sunan barikin da aka haifi ubansu ba.

Wani abu kuma dole mu faɗa in za mu ba da labarin nan da gaskiya. Ramukan da kakanninmu suka samu abinci a cikinsu, gonakin accan Birom ne kamfanoni suka cinye. Su ma sun ɗauki kwano da gona ta ƙare. Ribar ta tafi Ingila, aka bar mu da su muna jayayya kan wane ne ɗan ƙasa. Tarihin gida da ya share wannan ɓangaren, rabi ne.

Dattawan da suka yi aiki a ƙarƙashin Turawan kuza sun tsufa ƙwarai, kullum raguwa suke. In akwai ɗaya a gidanku, ka zauna da shi yau da wayarka a hannu. Ka tambaye shi garin da ubansa ya baro, barikin da ya fara sauka, wane ne hedimansu, nawa ake biyansu a sati. Ka tambayi Hajiya ma, domin ita ta fi riƙe wa ya auri wa. In akwai tsohuwar takardar aiki a ƙasan akwati, a ɗauke ta hoto a tura wa 'yan uwan da ke Kano da Abuja.