Alhaji, Tana Hanya

Wai don Allah tsakanin Kwatano da Kaduna tafiyar shekara nawa ce? Tun kafin azumi na ba dillali kuɗin Corolla, ga shi har an cinye naman layya, kullum maganarsa ɗaya: "Alhaji, tana hanya." Yau direba na zazzaɓi, gobe sefa ta tashi sai na yi ciko, jibi takardu ne ba su fito ba. Jiya kuma wai ai tun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyaka, sai ta tashar jiragen ruwa irin ta Legas. To ranar da ka ƙirga kuɗina ba ka san da dokar ba? Ko raƙumi na saya ai da tuni ya iso Kawo, har ya yi ƙiba! Ni kuwa kullum a Keke Napep, ina kallon hotonta a waya.