Garkuwar Budurwa

An gama sallar isha'i, an ɗauke wuta kamar yadda aka saba, Sarkin Ƙarfi ya zo zance a unguwar Birni ta Damagaram sanye da singileti duk da sanyin hunturu, domin dantsen da aka sha wahalar ginawa da ƙarfe da gwangwanin siminti a unguwar Kara-Kara bai kamata a ɓoye shi a cikin riga ba.

Sarkin Ƙarfi: Ƙanwata, ki sani cewa tun da Sarki Tanimun ya kewaye garin nan da ganuwa, ba a sake samun abin da ke tsare mutum kamar ƙirjin nan nawa ba. Ki ba ni lambar sirrin wayarki domin in fara aikin tsaro daga can.

Budurwa: Yaya, wace dabba ce ta shiga cikin wayata?

Sarkin Ƙarfi: Mugayen zamani ba sa haura katanga, ta WhatsApp suke shigowa, kuma wanda ya rubuta miki "ina kwana" jiya da safe ban yarda da niyyarsa ba.

Budurwa: Kawuna ne na Mirriya. Amma tun da tsaro ka zo yi, yau kwana huɗu famfon gidanmu bai ɗigo ba, 'yan garuwa kuma sun ƙara kuɗi. Ga jarkoki shida can a zaure, ka tsare mu daga ƙishirwa.

Sarkin Ƙarfi: Subhanallahi! Wannan hannun an tanade shi ne domin zaki da 'yan fashi, idan na gajiyar da shi wajen ɗaukar ruwa, da me zan tare su ranar da suka zo?

(Zaki dai ba a taɓa jin ya nemi kowa a Birni ba, ƙishirwa kuwa kullum sai ta yi sallama.)

Ana cikin haka sai wani abu ya yi motsi a duhu, ya kuma yi atishawa. Tun 1926 da aka ɗauke babban birnin Nijar daga garin nan aka mayar da shi Yamai, babu abin da ya bar wurinsa a Damagaram da gaggawar da Sarkin Ƙarfi ya haye dutsen da ke ƙofar gidan.

Kaka (ta fito da tocila): Ina angon nawa? Na ji muryarsa a ƙasa, yanzu kuma ina jin numfashinsa a sama.

Sarkin Ƙarfi: Kaka, dabarar yaƙi ce, domin mayaƙin kirki daga tudu yake duban abokin gaba.

Kaka: To abokin gaban naka bunsurun maƙwabta ne, kuma ga shi yana tauna layar da ta faɗo daga dantsenka.

Sarkin Ƙarfi: Wannan layar maganin ƙarfe ce, malamin bai ce komai a kan ƙaho ba. Kuma ku duba idanunsa da kyau, bunsurun kirki ba ya kallon mutum haka, turo shi aka yi.

Budurwa: Yaya, sauko mana, ya tafi.

Sarkin Ƙarfi: Irin su tafiyar yaudara suke yi. Zan ƙara minti goma a nan saboda lafiyarku.

Kaka ta kori bunsurun da mafici, ta koma ciki tana cewa marigayi mijinta ko kaza ba ya iya yankawa, amma randarta ba ta taɓa kwana babu ruwa ba. Sarkin Ƙarfi ya sauko a hankali, takalmi ɗaya a ƙafa, ya gyara singileti.

Sarkin Ƙarfi: Ƙanwata, ɗauko tocilar ki raka ni bakin kwalta in hau kabu-kabu. Ki shiga gaba, ni zan tsare miki baya.