Masu tambayar "ina maganin?" su dakata tukuna

Tun da aka bai wa Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel ta fannin likitanci a Oktoban 2024, tambaya ɗaya ake ta maimaitawa, kuma ta ishe ni: shekara talatin da gano microRNA, ina maganin da ya fito daga cikinsa? Wai ilimin da bai kai kantin magani ba, asarar kuɗi ne.

A 1993 ne suka gano abin a jikin wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita ɗaya, duniya ta ɗauka lamarin tsutsa ne kawai. Sai a 2000 da Ruvkun ya gano wani microRNA mai suna let-7, aka ga har ɗan Adam yana da shi. Shi microRNA ɗan guntu ne mai haruffa kusan 22 na RNA, sinadarin da ke ɗaukar saƙon gado a cikin ƙwayoyin jiki. Idan ƙwayar gado ta aika saƙon a haɗa furotin, shi ke tare saƙon a hanya, ya maƙale masa, ya sa a lalata shi ko a rage aiki da shi. Irinsa sun haura dubu a jikinmu.

A garkuwar jiki ne abin ya fi ba ni mamaki. A 2007 an nuna cewa ɓerayen da aka cire wa wani microRNA mai suna miR-155 ba sa samar da kariya yadda ya kamata, ko an yi musu rigakafi. Shi kuma miR-146a, wanda ɗakin binciken masanin kimiyya David Baltimore ya bayyana aikinsa a 2006, linzami ne. Idan ƙwayoyin garkuwa suka tashi yaƙi, shi ke rage furotin biyu, TRAF6 da IRAK1, don kumburi ya lafa. Ɓerayen da suka rasa shi, garkuwarsu ce ta juyo ta afka musu, da tsufa kuma ƙari ya biyo baya. Ɗaya na zuga, ɗaya na ja, kuma kowanne yana taɓa ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa a lokaci guda.

To wannan ne ake so a yi wa gaggawa? An riga an gwada. A 2016 aka dakatar da gwajin MRX34, maganin cutar daji da aka kwaikwayo daga wani microRNA mai suna miR-34, bayan garkuwar wasu majinyata ta harzuƙa, huɗu suka rasu. Ba na tuna wannan ba tare da jikina ya yi sanyi ba. Mutane ne masu iyali.

Wasu na cewa a karkatar da kuɗin zuwa binciken da zai biya da wuri, sun manta cewa da wannan ma'aunin ba wanda zai ba Ambros ko sisi don ya zauna kallon tsutsa. Abin da ya rage a sani shi ne yadda za a kai irin wannan magani ga ƙwayar jikin da ake nufi ita kaɗai. A saki kuɗi ga masu wannan aiki, a daina tsare su da kalanda.