Idan hadari ya haɗo, wa ke da ikon rufe ƙofa?

Ranar yawon Babbar Sallah na kai yarana uku wani wurin wasan yara a nan cikin garin Bauchi. A shekarar Sallar ta faɗo a watan Yuni, farkon damina, lokacin iskar nan mai yaye kwano. Wajen la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙura da leda suka tashi sama. Mai tikiti bai fasa karɓar kuɗi ba, lilo bai tsaya ba. Na ce wa mai gadi, "Baba, ba za ku sallami mutane ba?" Ya ce, "Ɗana, sai oga ya ce, kuma wayarsa ba ta shiga." Ba a jima ba reshen darbejiya ya ɓalle, ya raba teburin wata mai awara gida biyu. Allah ya tsare, ta riga ta gudu da kaskonta.

Ban ga laifin Baba ba. Da ya rufe, washegari za a ce ya jawo asarar cinikin Sallah, a zaftare masa albashi. Shi ya sa nake cewa a rubuta a takarda, a manna a bakin ƙofa: da an ji tsawa ko iska ta taso, wanda ke wurin shi ke da ikon rufewa, ba sai ya nemi kowa ba. A kuma mayar wa mutane kuɗinsu, don wanda ya biya ba ya fita da daɗin rai.

Manyan wurare ma haka. Yankari daji ne da ya haura murabba'in kilomita 2,000, Kogin Gaji ya ratsa shi, a watan Agusta hanyoyin cikinsa taɓo ne. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ake wanka a cikin dajin, ɗuminsa bai canzawa, digiri 31 rani da damina, amma wanka ana walƙiya ganganci ne. Wanda zai taso daga Bauchi ya bi ta Dindima, tafiyar sama da kilomita 100, ya kamata ya ji an rufe kafin ya sha mai. NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, na fitar da hasashe, rediyo na nan, WhatsApp na nan.

Tikitinmu huɗu har yanzu suna aljihun babbar rigata. Autana kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu koma ya ƙarasa lilonsa.