Keto na rage kilo, amma kilon me?

Yanzu da wuya ka shiga zauren mata na WhatsApp ko Facebook baka tarar da maganar keto ba, wata ta turo hoton sikeli tace kilo 3 ta sauke a sati ɗaya, a yi ta mata barka. Ina taya ta murna, amma abinda ke damuna shi ne sikeli baya faɗa mana me ya fita daga jikin, ruwa ne ko tsoka ko kitse.

Keto dai ba don rage ƙiba aka fara shi ba, likitoci ne a Amurka suka fito da shi wajen 1921 don masu farfaɗiya. Tsarin shi ne ka rage sitaci da suga zuwa ƙasa da giram 50 a rana, wato a wajenmu ba tuwo ba shinkafa ba masa ba fura, sai nama da ƙwai da kifi da mai da ganye, shi yasa ake ta tuƙa tuwon kabeji. Idan jiki ya rasa suga sai hanta ta koma sarrafa kitse ya zama makamashi.

To ga inda ake ruɗuwa. Jiki na ajiye suga a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya na riƙe da ruwa kamar giram 3, da ajiyar nan ta ƙare sai ruwan ya bi fitsari, don haka mafi yawan abinda ya sauka a satin farko ruwa ne, ranar da kika ci shinkafar biki zai dawo abinsa. A 2016 wani mai bincike a Amurka, Kevin Hall, da abokan aikinsa sun killace maza 17 masu nauyi, suka mayar dasu keto ba tare da rage yawan kuzarin abincin ba, nauyi ya faɗi da sauri amma raguwar kitsen jiki bata ƙaru ba, har ma ta ɗan ja baya a farko, jiki kuma ya taɓa furotin ɗinsa, wato abinda ke gina tsoka. A jami'ar Stanford ma an bi mutum 609 shekara guda, masu rage sitaci da masu rage mai kusan kunnen doki suka yi.

Ban ce baya aiki ba. Yana kashe yunwa sosai, mutum ya rage ci ba tare da wahala ba, kuma in an daure teɓa tana sauka da gaske, suga ma yana daidaita ga wasu. Tsokar ce nake jiyewa, don ita ke ɗaukar mutum, ita ke ƙona abinci ko yana zaune, kuma da tsadar nama da ƙwai a yanzu mutane da yawa mai kawai suke ƙarawa furotin ɗin bai isa ba, ga ba motsa jiki, sai a rame a yi laushi, in aka koma tuwo kitse ya dawo tsoka bata dawo ba.

Mai son yi ya samu tef ɗin tela ya riƙa auna ƙugunsa duk sati biyu, ya ci wake kaɗan da kifi da ƙwai daidai ƙarfinsa, ya ɗan ɗaga nauyi ko da jarkar ruwa ce. Mai ciwon suga da ke allurar insulin, da mai ciwon ƙoda da mai ciki, don Allah kar su fara sai sun zauna da likita, mai allurar insulin sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas cikin dare.