Idan an yi rasuwa a ikilisiya, wa ke yi wa yara ta'aziyya?

'Yan'uwa malaman makarantar Lahadi, da ku masu bishara da ke ƙauyuka, akwai abin da muke yi ba daidai ba. Idan aka yi rasuwa a gidan ɗan ikilisiya, kowa ya san aikinsa. Zumuntar mata ta ɗora tukunya, matasa su kafa rumfa, mawaƙa su taru, dattawa su zauna da fasto a tsara jana'iza. Yaran gidan kuwa sai a ce a kai su maƙwabta. Can za ka tarar da yarinya 'yar shekara bakwai a bakin zaure, biskit a hannu, tana jiyo kuka daga gidansu, ba wanda ya gaya mata wa ake yi wa kukan.

Kuma ba wai mutuwa baƙuwa ce ga aikin bishara ba. Mutum uku da suka fara aikin ƙungiyar mishan ta SIM sun sauka Legas a 1893, kafin 1894 ta ƙare Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya tsira. A Garkida an kafa mishan a 1923, shekara ta zagayo Ruth Kulp, matar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ta rasu ita da jaririnta. Wanda ya taɓa shiga maƙabartar 'yan mishan a Miango ya ga ƙananan kaburbura. Mun gaji jimirinsu, amma har yau ba mu iya zama da yaro mu yi masa maganar mutuwa ba.

Kuskuren farko daga baki yake fitowa. "Baba ya yi tafiya." Yaro zai zauna a ƙofa yana jiran dawowarsa, duk babur da ya tsaya sai ya ruga. "Mama ta yi barci." To, daren nan ba zai yarda ya rufe ido ba, don ya ga wanda ya yi irin wannan barci rami aka sa shi. Mafi nauyi ita ce "Allah ya fi mu son ta, shi ya sa ya ɗauke ta." Babba ya fahimci nufinka. Yaro kuwa zai fara tsoron kada Allah ya so shi shi ma. A faɗi kalmar yadda take, a tsugune daidai tsayinsa, a riƙe hannunsa: "Baba ya mutu. Jikinsa ya daina aiki, ba ya jin zafi, ba ya jin yunwa, ba zai dawo gida ba." Bayan wannan ne za a kawo begen tashin matattu, ba kafinsa ba. Sannan a ƙara da jimla ɗaya da ake yawan mantawa: "Ba laifinka ba ne." Yaro ɗan shekara shida zuwa tara yakan ɗauka rashin jin da ya yi ne, ko muguwar maganar da ya faɗa cikin fushi, ta jawo abin. Ɗan ƙasa da shekara biyar kuma zai yi ta maimaita tambaya ɗaya, yau da gobe da jibi. A ba shi amsa iri ɗaya kowane lokaci.

Lahadin farko bayan rasuwar tana bukatar shiri. Malami ya je gidan tun kafin ranar, ya ji me aka riga aka gaya wa yaron, kada bakinsa da na gida su saɓa. A aji, jimla biyu ko uku sun isa a sanar da sauran yara. Kada a tsayar da marayan a gaba kowa na kallonsa. Kada kuma a mai da mutuwar bulala, ana cewa kun gani ko, wanda bai tuba ba ya shiga uku. Darasin ma a zaɓe shi da lura. Da yawa kan ɗauko labarin Li'azaru, wanda Yesu ya tashe shi daga matattu, a Yahaya 11, kuma gaskiya ne yana da kyau yara su ji cewa Yesu da kansa ya zub da hawaye. Amma ka shirya, wani zai ɗaga hannu ya ce me ya sa bai ta da babana ba. In ba ka da amsa mai taushi, Zabura 23 ta fi sauƙi ga wannan rana. Rage waƙar rawa, raba takarda da fensir, ba su minti goma sha biyar su zana abin da suke tunawa. In ɗan ajin ne ya rasu, kada ka soke sunansa a rajista a gabansu, kada kuma ka tura wani ya cike gurbinsa a benci ranar.

Inda muka fi faɗuwa shi ne bayan an watse zaman makoki. An kwashe rumfa, baƙi sun tafi, dangi sun raba yara, wannan wurin kawu, wancan wurin gwaggo. A ganina ikilisiya ta sa baki a nan, cikin ladabi, ta roƙa kada a raba 'yan'uwa in da hali, kuma kada a cire su daga makaranta a tsakiyar zango. A naɗa mutum ɗaya, ba kwamiti ba, wanda yaron ya saba da shi: mako-mako har mako shida, daga nan wata-wata har shekara ta cika. Minti ashirin ya isa, a tsakar gida inda kowa ke gani. Ya rubuta ranakun da za su yi zafi, wato Kirsimeti, komawa makaranta da ranar cika shekara.

Kukan kurciya jawabi ne. Fitsarin kwance bayan an daɗe da dainawa, ciwon ciki kullum, faɗa da yara, manne wa uwa, duk makoki ne, ba iskanci ba, duka kuwa ƙara shi yake yi. Kada a bar kowa ya jingina wa yaro maita don an yi mutuwa a gidansu. In wata biyu ya wuce ba ya ci, ba ya barci, a kai shi asibiti. In ya ce yana so ya bi mamacin, ranar za a kai shi asibiti, ana addu'a ana tafiya. Yaron da ya ga an kashe nasa a hari kuwa, don Allah a daina sa shi ba da shaida a gaban jama'a ko a gaban kyamara.

Sai gidan mai bishara kansa. Shi ke binne 'ya'yan mutane, amma ranar da zazzaɓin damina ya ɗauke nasa, ana sa ran ya hau bagade Lahadi mai zuwa ya nuna bangaskiya. Ikilisiyar da ta aike shi ta turo wanda zai riƙe wa'azi aƙalla Lahadi huɗu, da kuɗin mota da na abinci. 'Ya'yansa da ke karatu a gari, mutum ya je ya gaya musu ido da ido kafin labarin ya hau Facebook. Matarsa kuma, wadda sau da yawa ita ce malamar yara a wurin, kada a mayar da ita gaban sa'o'in ɗanta sai ranar da ita da bakinta ta ce ta shirya.