Don Allah a bar Preakness a inda yake

Tun ranar da mai horar da dawakin tsere a Amurka Bill Mott ya ce dokin da yake horarwa, Sovereignty, ba zai je tseren Preakness ba bayan ya lashe Kentucky Derby na 2025, waƙa ɗaya ake ta rera mana, wai sati biyun da ke tsakanin Derby da Preakness ya yi kaɗan, dokin zamani ba zai iya ba, a matsar da Preakness gaba a ba dawakai wata guda su huta, Belmont, na ƙarshe a jerin tseren nan uku da ake kira Triple Crown, ma a tura shi gaba. Wallahi maganar nan ta ishe ni, kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu yin ta har da mutanen da suka san harkar sukuwa ciki da bai, ba 'yan kallo ba ne da ke leƙowa sau ɗaya a shekara.

To wai a wace shekara aka ce dokin zamani ba zai iya ba? A 2025 ɗin nan dai doki mai suna Journalism ya yi duka ukun. Ya zo na biyu a Derby, bayan sati biyu ya je Pimlico, filin da aka yi Preakness, duk wanda ya kalli wannan tseren ba zai manta ba, an shigo miƙaƙƙen layin ƙarshe an matse shi tsakanin dawakai biyu har ana gugar juna, Umberto Rispoli yana kai, doki ya yi tangal-tangal kamar shi kenan, amma ya tattaro kansa ya miƙe ya bi Gosger ya cim masa a bakin layi. Bayan sati uku ya sake fitowa a Belmont ya zo na biyu. A 2024 ma Mystik Dan ya ci Derby, ya dawo bayan sati biyu ya zo na biyu a Preakness. Waɗannan ba dawakan zamanin da ba ne, na yanzu ne, jininsu ɗaya da waɗanda ake cewa ba za su iya ba.

Kuma wannan kukan ba sabo ba ne. Bayan Affirmed ya ci ukun a 1978 an yi shekara 37 ba a sake samun wani ba, haka aka yi ta cewa abin ya gagara, a sauya kalanda. Sai ga American Pharoah a 2015, sai ga Justify a 2018, a tsarin nan dai na sati biyar wanda ake kai tun 1969. Dawakai 13 kacal suka taɓa cin Triple Crown, kuma ai darajar abin kenan, wahalarsa ita ce ta sa ake kiran sunan Secretariat, zakaran 1973, har yau. In aka ba doki wata guda tsakanin kowane tsere sannan ya ci ukun, da wace fuska za a jera shi da na 1973?

Za su ce maka ai Sir Barton, dokin farko da ya ci ukun, ba a wannan tsarin ya ci nasa ba. Gaskiya ne, shi a 1919 kwana huɗu ne ma tsakanin Derby da Preakness, ka ga hujjar tasu kansu ta komo.

Ni a ganina ciwon ba a kalanda yake ba, yana barga, a wajen kuɗin baye. Doki in ya ci babban tsere ɗaya ko biyu, kuɗin da zai kawo a matsayin ingarma ya ninka abin da zai samu a fili, shi ya sa kowane mai doki yake lissafin kar a kayar masa da shi farashi ya faɗi. Dubi Flightline, doki ne da ba kasafai ake ganin irinsa ba, tsere shida kawai ya yi a rayuwarsa, aka janye shi a 2022 aka sa masa dala 200,000 a kan kowace goɗiya. Justify ma shida ya yi, duk a cikin ƙasa da wata huɗu, aka ɗaure shi. Ka kwatanta da Citation wanda a 1948 kaɗai ya yi tsere 20 ya ci 19, har wani tseren ya yi tsakanin Preakness da Belmont. Alƙaluman Jockey Club, ƙungiyar da ke rajistar dawakin tsere a Amurka, sun nuna a 1960 doki kan fito fili sau 11 da ɗoriya a shekara, yanzu wajen sau 6 ne. Da ita Jockey Club ɗin ta yi yunƙurin taƙaita baye zuwa goɗiyoyi 140 ga kowane ingarma a 2020, manyan gonakin kiwo na Kentucky suka maka ta kotu, zuwa 2022 ta janye dokar. Nan ne ƙarfin yake, nan ne kuɗin yake, amma ba mai son taɓa wurin, sai a koma kan Preakness da ba shi da mai kare shi.

Tsarin maki na shiga Derby da aka fara a 2013 shi ma ya ƙara lalata abin. Mai horarwa ya san in dokinsa ya ci ɗaya daga cikin manyan tseren share fage, Florida Derby ko Santa Anita Derby ko Blue Grass ko Arkansas Derby, maki 100 sun shiga, gurbi ya tabbata a cikin dawakai 20 na Derby, sai ya rufe doki a barga sati huɗu ko biyar. Dokin da aka saba masa da dogon hutu haka tun yana duƙushi, ya za a yi rana ɗaya ka ce ya fito bayan kwana 14? Su suka horar da shi a haka sannan su dawo suna cewa halittarsa ce ta canza.

Masu fakewa da lafiyar dawakai kuwa su tuna dawakai 12 da suka mutu a Churchill Downs, filin da ake yin Derby, a 2023 babu ko ɗaya da tazarar Derby da Preakness ta kashe, don haka kar a kawo mana wannan.

Ban ɗora wa Mott laifin duka ba, Sovereignty dokin kamfanin Godolphin ne, sun yi lissafinsu, dokin kuma ya ci Belmont da tseren Travers daga baya. Amma lissafin mai doki ɗaya ba zai zama dalilin rushe tsarin da ya haura shekara hamsin ba. In da gaske ana son a ga zakaran Derby a Preakness to a sa kuɗi a wurin, Derby dala miliyan 5 ake rabawa, Preakness miliyan 2, wa zai yi kasada da dokinsa a kan ƙaramin kaso? A ɗaga kuɗin, a sa garaɓasa mai tsoka ga dokin da ya yi duka ukun, a gyara tsarin maki ya riƙa saka wa dokin da ya fi fitowa fili, sannan masu filayen Kentucky da Maryland da New York, jihohin da ake yin tseren uku, su zauna teburi ɗaya su daina jan abin kowa gefensa. Batun baye kuma dole wata rana a sake komawa kansa ko manyan gonaki sun so ko sun ƙi.